Jinyar Uwa ko Uba Mai Shanyewar Ɓarin Jiki: Jagora ga Matasan da Nauyin Ya Faɗo Kansu

Idan hawan jini ya kayar da uba ko uwa har ɓarin jiki ya shanye, makon farko gida cike yake da 'yan dubiya. Ana shigowa da lemo da ayaba, ana "sannu, ya jiki", ana addu'a. Kafin wata ya zagayo ƙafa ta ɗauke, jinya ta rage a hannun wanda ke kwana a gidan. Sau da yawa wannan mutumin yarinya ce 'yar shekara 14 ko 16, ko saurayi ɗan aji biyar na sakandare. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu aikin, kuma ba wanda ya tambaye su ko za su iya.

A Ingila akwai dokoki biyu na shekarar 2014 da suka ba irin waɗannan yara haƙƙin hukuma ta duba nauyin da ke kansu. A wajenmu abin dogaro shi ne dangi, maƙwabta, makaranta da asibiti, kuma yawanci ba sa motsawa sai an motsa su. Wannan jagora taku ce, ku matasa masu jinya. Ba ta maye gurbin likitan da ya ga majinyacinku da idonsa ba. Duk inda maganarsa ta saɓa da tamu, tasa za ku bi.

Littafin jinya

Ku sayi littafin rubutu irin na makaranta, ku ɗaura masa biro da zare, ku ajiye shi kusa da shimfiɗar majinyaci. A shafin farko ku rubuta sunan ciwon kamar yadda likita ya faɗa, lambar katin asibiti, ranar komawa, da lambobin waya na manya 3 da za a iya kira ko da tsakar dare, ɗaya daga cikinsu mai mota ko mai Keke Napep. A shafi na biyu ku kwafi sunan kowane magani harafi da harafi daga jikin kwalinsa, da ƙarfinsa, wato lambar da ke gaban sunan kamar 5 mg ko 10 mg, da lokacin shansa. Launin ƙwaya ba abin dogaro ba ne. Kamfanoni daban suna yin magani ɗaya da launi daban, kuma farar ƙwaya ƙarama tana iya zama ta hawan jini, tana iya zama ta suga.

Sauran shafukan na kullum ne: awon jini, abin da ya ci, ko ya yi bayan gida, lokutan da aka juya shi, da duk wani sabon abu da kuka gani. Wanda ya ba da magani ya sa alama nan take. Wannan alamar ce ke hana abin da ya fi yawan faruwa a gidan da mutum biyu ko uku ke jinya: Inna ta ba da maganin safe, ta fita, ƙanwa ta shigo ta sake bayarwa. Idan an manta magani har lokacin na gaba ya kusa, ba a haɗa biyu a sha lokaci ɗaya.

Littafin yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Idan kawu ko gwaggo suka buɗe suka ga aikin yini ɗaya a rubuce, daga asuba zuwa asuba, sun daina cewa "ai yarinyar tana ƙoƙari" su wuce.

Raba aikin tun da wuri

Ba ku ne za ku kira taron dangi ba, domin maganar yaro ba ta tara manya. Ku nemi babba ɗaya da ake jin maganarsa, baffa, kawu, gwaggo ko limamin unguwa, ku nuna masa littafin, shi ya kira. Mafi kyau a yi haka a makonni biyu na farko bayan sallama, tun tausayi bai huce ba.

A wajen taron, "a taimaka mana" ba ta haifar da komai. Roƙon da ke aiki shi ne mai rana da lokaci: "Kawu, don Allah ranar Talata da ƙarfe 8 za a kai Baba asibiti sashen gashi, ni kuma ina makaranta." "Gwaggo, ko za ki riƙa kwana da Inna daren Lahadi da na Laraba?" Wanda ke nesa, a Legas ko Abuja ko Yamai, a ɗora masa kuɗin magani guda ɗaya takamaimai duk wata, ya tura kai tsaye ga babban da aka amince da shi.

Akwai ayyukan da bai kamata su zama naku ba ko da kuna ganin za ku iya: ɗaga babban mutum ku kaɗai, kwanan jinya kowane dare alhali da makaranta da safe, canza yawan magani, cin bashi da sunanku, da sa hannu a takardar tiyata. Ƙin waɗannan ba rashin biyayya ba ne. Yarinyar da bayanta ya samu matsala a shekara 15 ta rasa lafiyarta, mahaifinta kuma ya rasa mai jinya.

Juyi, da gyambon kwanciya

Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi duk bayan awa 2 da rana. Da dare ku tambayi ma'aikaciyar jinya iyakar tazarar da fatarsa da katifarsa za su ɗauka, kuma a raba daren tsakanin mutum biyu. Dalilin juyin shi ne nauyin jiki yana danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya daina ratsa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Kafin a ga rauni a waje, ɓarnar ta yi nisa a ƙasa.

Wuraren da za ku duba kullum lokacin wanka su ne ƙasan baya daidai saman ɗuwawu, gefen ƙugu biyu, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya da kunne. A baƙar fata da wuya a ga ja. Abin da za ku gani shi ne wurin ya fi kewayensa duhu ko ya yi ƙyalli, ku taɓa ku ji ya fi zafi, ko ya yi tauri, ko ya yi laushi fiye da kima. Da zarar kun ga haka, kada ya sake kwanciya a kan wurin, kuma kada ku murza shi da man zafi ko wani mai, domin murza tana ƙara yaga naman da ya riga ya raunana. Idan fata ta buɗe, ku wanke da ruwan gishiri na asibiti, ku rufe da bandeji mai tsabta, ku kai shi a gani. Toka, garin magani, man goge baki da ƙwayar kafso da ake fasawa a barbaɗa duk suna ɓata gyambo.

Yadda ake juyin: ku shimfiɗa zani mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, daga kafaɗa zuwa cinya. Mutum biyu su kama zanin su matso da shi, maimakon jan jikinsa a kan katifa, domin ja yana goge fata. A lanƙwasa gwiwar ƙafar da za ta koma sama, a sa hannu ɗaya a allon kafaɗa ɗaya a ƙugu, a mirgino shi. Ba a son ya kwanta tsaf a kan ƙashin ƙugu. A ɗan karkata shi baya, a tokare da filo. Filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin hannun da ya shanye. Idan yana rigingine, a sa filo ƙarƙashin sangalin ƙafa har dunduniya ta tashi daga shimfiɗa. Zanin gado ya zama busasshe, ba lanƙwasa, ba ɓurɓushin abinci. Leda a ƙarƙashin zani take zama, ba ta taɓa fata, musamman a zafin bazara.

Hannun da ya shanye

Kada a taɓa ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye ko cusa hannu a hammatarsa. Naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, ja kaɗan yana gocar da ƙashin, kuma ciwon da ke biyo baya yana hana motsa jiki na watanni. Idan yana zaune, hannun ya kwanta a kan filo, kada ya yi reto. Wajen sa riga, hannun da ya shanye ake fara sawa, shi ake cirewa a ƙarshe.

Wajen tashi daga gado zuwa kujera, a ajiye kujerar ta ɓangaren da ke da ƙarfi. Ya fara zama a bakin gado na minti 1 ko 2, ƙafafu a ƙasa, domin maganin hawan jini yana kawo jiri idan an miƙe farat ɗaya. Mai taimako ya lanƙwasa gwiwa, bayansa a miƙe, ya riƙe majinyaci ta ƙugu, ya tokare gwiwar da ta shanye da tasa gwiwar. Kada majinyaci ya rataya hannu a wuyanku. Idan ya fara sulalewa, ku bi shi a hankali zuwa ƙasa kuna kare kansa, sannan ku kira taimako.

Zuwa sashen gashi, wanda ake kira fisiyo, inda ake motsa gaɓoɓin da suka shanye, dole ne. Mafi yawan ƙarfin da ke dawowa yana dawowa ne a watanni 3 zuwa 6 na farko. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da wannan sashe. Idan kuɗin zirga-zirga ya yi yawa, ku roƙi mai gashin ya nuna muku motsin da za a riƙa yi a gida, ku ɗauka a waya da izininsa. A gida kada ku ɗaga hannun sama da kafaɗa sai an nuna muku yadda ake yi. Abin da ya fi wahala kuma shi ne haƙuri: ku bar shi ya yi abin da zai iya da kansa, ko da cin abinci zai ɗauke shi minti 40. Yi masa komai tausayi ne da ke jinkirta warkewa.

Gasa jiki da ruwan zafi ko tsumma mai zafi yana da haɗari, domin ɓangaren da ya shanye ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai a ƙona shi bai sani ba. Ku gwada ruwa da gwiwar hannunku. A hunturu ba a barin kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, kuma janareta a waje yake zama, nesa da taga.

Ciyarwa

Shanyewar jiki tana taɓa naman haɗiya, abinci ko ruwa su bi hanyar iska su shiga huhu, su haifar da ciwon huhu. Wannan yana daga cikin abubuwan da ke kashe majinyata bayan an sallame su. Saboda haka ba a ciyar da shi a kwance, ba a ciyar da shi yana gyangyaɗi. A zaunar da shi tsaf, haɓa ta ɗan sunkuyo, a yi amfani da ƙaramin cokali, a sa abinci ta gefen bakin da ke da ƙarfi, a jira ya haɗiye kafin na gaba. Bayan an gama ya ci gaba da zama na minti 30, a duba cikin kuncinsa ko abinci ya maƙale, a goge masa baki safe da dare.

Mutane suna mamaki idan aka ce ruwa ya fi kunu mai kauri haɗari, amma haka ne ga da yawa daga cikinsu: ruwa yana gangarawa da gudu kafin maƙogwaro ya shirya. Kunu ko koko mai ɗan kauri, fate mai laushi, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, wake da aka dafa ya narke, ayaba da aka murƙushe, sun fi sauƙi. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dambu, tsire da busasshen burodi a jinkirta su. Idan yana tari ko ƙwarewa duk lokacin ci, ko muryarsa ta koma kamar akwai ruwa a wuya, ku dakata ku sanar da asibiti. Wataƙila sai an sa masa robar abinci ta hanci na ɗan lokaci. Ɗura ruwan rubutu ko jiƙo a bakin wanda ba ya iya haɗiya hanya ɗaya yake bi da kowane ruwa.

Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali 1, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Dunƙulen magi gishiri ne mafi yawansa, kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke ɗaga jini. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗebi miyar majinyaci kafin a sa wa ta gida gishiri da magi, a ɗaga ɗanɗanonta da daddawa, albasa, tafarnuwa da citta.

Wanka, tsarki da kunya

Nan ne yara da yawa ke shan wahalar da ba sa faɗa wa kowa. Ɗa ya yi wa mahaifiyarsa tsarki, ko 'ya ta yi wa mahaifinta, abu ne mai nauyi ga su biyun. A taron dangi a faɗi wannan a fili, a ba jinsi ɗaya aikin: mata ga uwa, maza ga uba, ko matarsa, ko mijinta. Idan larura ta tilasta babu kowa, a lulluɓe shi da zani, a buɗe iyakar wurin da ake wankewa, a sa safar hannu, a faɗa masa abin da za a yi kafin a yi.

Ana wankewa daga gaba zuwa baya, a busar ta hanyar dannawa da tawul, a shafa basilin ko man kaɗanya kaɗan inda fitsari ke taɓawa. Famfas ɗin da ya jiƙe ba ya kwana a jiki. Idan akwai robar fitsari, jakar ta zauna ƙasa da mararsa amma kada ta taɓa ƙasa, a zubar kafin ta cika. Wurin da bayan gida ko jini ya zuba a goge da bilic: idan an rubuta 3.5% a jikin gorar, awo 1 na bilic a awo 6 na ruwa. Ba a haɗa bilic da wani maganin wanke ban-ɗaki, hayaƙin yana cutar da huhu. Kwana 3 ba bayan gida abin faɗa wa ma'aikacin lafiya ne.

Majinyaci da yawa sun fi damuwa da sallarsu fiye da abincinsu. Ku taimaka masa da alwala, ko taimama idan ruwa zai wahalar, ya yi salla a zaune ko a kwance gwargwadon iko. Ku roƙi liman ko malamin Islamiyya ya zo ya faɗa masa da bakinsa, domin ya fi natsuwa da jin haka daga malami.

Magani da awo

Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Awon ya sauko ne saboda maganin, kuma dainawa tana buɗe ƙofar bugu na biyu, wato ciwon da ya shanye jikin ya sake dawowa. Ku sayi na gaba tun saura kwana 5. Wajen awo, ya zauna shiru minti 5, hannu a kan filo daidai ƙirji, a auna a hannun da ke da lafiya, sau 2 da tazarar minti 1. Idan yana yawan wuce 140 bisa 90, ku nuna littafin a asibiti. Idan ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, ruɗewa ko dishi-dishin gani, a tafi nan take.

Magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis, irin su ibuprofen da diclofenac, suna ɗaga jini kuma suna cutar da ƙoda. Haka haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna. Asfirin ma sai likita ya rubuta, domin wani bugun daga toshewar jijiya ne, wani daga fashewarta, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambance su. Idan dangi sun kawo maganin gargajiya, gardama da su ba taku ba ce. Ku ce, "Likita ya ce duk abin da za a ba shi a fara nuna masa," ku bar babban da ke tare da ku ya ƙarasa.

Idan yana da ciwon suga kuma yana shan magani ko allurar insulin, abin tsoro shi ne suga ya faɗi, musamman ranar da bai ci abinci sosai ba. Alamunsa gumi, rawar jiki, ruɗewa, faɗa ba dalili. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a irin na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, kuma yana farke yana iya haɗiya, a ba shi babban cokali 1 na sukari ko zuma, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, ba a sa komai a bakinsa. Maganar azumin Ramadan a kai ta gaban likita kafin wata ya kama.

Abin da ba ya jiran safiya

Baki ya sake karkacewa, hannu ko ƙafa su ƙara mutuwa, magana ta sake harɗewa: sabon bugu ne har sai likita ya ce ba shi ba. Ku duba agogo ku rubuta lokacin, kada ku ba shi abinci ko ruwa ko magani, ku nufi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ba kemis ba. A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, amma ku kira mai motarku a lokaci guda. Haka zazzaɓi da saurin numfashi, barcin da ba a iya tayar da shi, da faɗuwar da kai ya bugu. Idan sangalin ƙafa ɗaya ya kumbura yana zafi, kada a yi masa tausa: yana iya zama gudan jini, tausa kuma tana iya tura shi huhu. Idan jijjiga ta kama shi, a kwantar da shi ta gefe, ba cokali ba yatsa a baki, kuma in ta wuce minti 5 ko ita ce ta farko, asibiti.

Halinsa ya canza, naku ma

Uban da aka sani da haƙuri yana iya koma mai zagi, ko ya riƙa kuka ba dalili. Ciwon ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma kusan 1 cikin 3 na waɗanda suka tsira daga bugun suna faɗawa ciwon damuwa, wanda ke da magani. Wanda ɓarinsa na dama ya shanye sau da yawa magana ce ke ba shi wuya, alhali hankalinsa na nan. Ku yi masa gajeriyar tambaya mai amsar "e" ko "a'a", ku jira, kada ku yi masa tsawa ko maganar yara. Wanda na hagu ya shanye yana iya manta da duk abin da ke hagunsa, har rabin abincin da ke kwanonsa. Ku juya masa kwanon.

Ku kuma za ku ji haushi, ku ji kishin ƙawayen da ba su da wannan nauyi, wata rana ma ku ji kuna fatan abin ya ƙare ko ta yaya, sannan ku tsani kanku. Masu jinya manya ma suna jin haka, gajiya ce ke kawo shi. Idan kun ji hannunku zai yi abin da ba ku so, ku tabbatar yana kwance lafiya, ku fita tsakar gida minti 10. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ke samun 4 dare bayan dare zai yi kuskuren magani ko ba jima ko ba daɗe. Ku guji tiramol, kodin da ƙwayar barci da wani zai ce tana ƙara ƙarfi ko tana kawar da tunani.

A makaranta ku zaɓi malami ɗaya ku faɗa masa gaskiya, zai fi kyau babba ya raka ku. Ku roƙi abu takamaimai: afuwar makara ranar asibiti, ƙarin kwana kan aikin gida. Watanni 2 kafin WAEC, NECO ko JAMB, ko BEPC da BAC a Nijar, a sake zama a rage muku aiki, a rubuce. Idan aka fara maganar "ta ɗan huta da makaranta zuwa baɗi", ku kai wa malamin da babbanku a ranar, domin irin wannan hutun da wuya a dawo daga gare shi.

Game da kuɗi, asibitocin koyarwa suna da sashen walwalar marasa lafiya, jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka, kuma akwai hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Babba ne zai je da takardun asibiti. Duk namijin da ya ce zai biya kuɗin magani amma yarinya ta zo ta karɓa ita kaɗai, ko kada ta faɗa wa kowa, a faɗa wa gwaggo ko Inna a ranar.

Haɗa kai da masu irin nauyinku

Kun fi yawa fiye da yadda kuke zato. A layin gashi, a ajinku, a Islamiyya ko a coci akwai mai jinyar kaka, akwai mai ƙane da sikila, akwai wanda mahaifiyarsa ke zuwa wankin ƙoda. Ku fara da mutum 4 zuwa 6, ba fiye ba, domin taro mai yawa ba ya riƙe sirri. Zai fi sauƙi ga iyaye su yarda idan mata daban, maza daban. Ku sami babba ɗaya da kowa ya aminta da shi, malama, ma'aikaciyar jinya ta unguwa ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, wanda ya san da ku ko da ba ya zama a kowane taro.

Ku haɗu sau 1 a mako na minti 45, a wurin da iyaye suka sani. Kowa ya samu minti 5 ya faɗi yadda makonsa ya kasance ba mai katse shi, ba mai cewa "ai nawa ya fi naka". Sauran lokacin na musayar aiki ne, kuma shi ne ke riƙe ƙungiya: wanda ya je aji ya ɗauki hoton darasi ya tura wa wadda ta kwana asibiti; wanda zai je kemis ya sayo wa biyu; keken guragu ko na'urar awon jini da wani gida ya gama da su su wuce gida na gaba; wanda ya ƙware a juyi ya je ya nuna, da izinin masu gida. Idan za ku yi asusu, ya zama ɗan kaɗan, na kuɗin mota da kati, a rubuce, a hannun babban nan.

Abubuwa uku ne suka fi rusa irin wannan haɗuwa. Na farko hoton majinyaci ko labarinsa ya fita daga zauren WhatsApp. Saboda haka tun ranar farko a hana ɗaukar hoton majinyaci da tura saƙon wani waje. Na biyu musayar magani da shawarar magani: abin da ya yi wa baban wani aiki yana iya kashe na wani, amsar kullum ita ce a tambayi likita. Na uku mutum ɗaya ya zama shi kowa ke kira da ƙarfe 2 na dare har shi ma ya durƙushe; a riƙa karɓa-karɓa mako-mako.

Sirri yana da iyaka, kuma a faɗi iyakar tun farko don kada wani ya ga an ci amanarsa. Idan ɗayanku ya ce yana tunanin kashe kansa, ko ana dukansa ko ana taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, ko ya fara shan ƙwaya, ko ya ce ya kusa cutar da majinyaci, ba a kwana da maganar. Ku gaya masa za ku faɗa wa babbanku, ku ce ya zo ku je tare, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin nan. Haka wanda ya yi mako 2 ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina zuwa taro: mutum biyu su je gidansu, babban ya kai shi ya ga likita. Ana iya farawa daga asibitin da majinyacin ke zuwa, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman a Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri.